Tsohuwar Waƙa a Sabuwar Riga: Abubuwan da Ya Kamata Ka Sani Game da Siyasa a Gidajen Opera

A biranen Turai akwai gidajen wasa inda mutum zai sayi tikiti da tsada, ya caɓa ado, ya zauna awa huɗu yana sauraron waƙa cikin natsuwa, amma da an sauke labule sai ya miƙe yana ihu har jijiyar wuyansa ta fito. Mawaƙan kan sha tafi. Wanda ake dako shi ne darakta, mutumin da ya ɗauko wasan da aka rubuta shekara ɗari biyu da suka wuce, ya mayar da sarkin cikinsa shugaban 'yan daba ko attajirin mai, ya mayar da fada kurkukun zamani. Wannan rikici ya sa an kori shugabannin gidajen wasa, an je kotu, an kira 'yan sanda, har shugabannin ƙasa sun tsoma baki. Ga abubuwan da za su taimaka maka ka gane abin da ake wa faɗan.

Mece ce opera?

Opera wasan kwaikwayo ce da ake rera ta da waƙa, tare da taron makaɗa da ke zaune a wani rami a gaban dandamali. A fim ɗin Hausa ana hira, sai a dakata a yi waƙa, a koma hira. A mafi yawan opera kuwa waƙar ita ce hirar: da ita ake gaisuwa, da ita ake rigima, da ita ake furta soyayya, da ita ake mutuwa. Mawaƙan ba sa amfani da lasifika, muryarsu ce kaɗai take ratsa ƙarar makaɗa sittin ko tamanin ta kai kujerar ƙarshe.

A Italiya aka ƙirƙiro ta wajejen shekarar 1600, a fadojin masu mulki. A 1637 aka buɗe gidan opera na farko da kowa zai iya biya ya shiga, a birnin Venice. Daga nan ta bazu zuwa Faransa da Jamus da Rasha da sauran ƙasashe. Yawancin wasannin da ake maimaitawa a yau tsofaffi ne, na mutane irin su Mozart da Beethoven da Verdi da Wagner da Bizet da Puccini, waɗanda duk sun daɗe da mutuwa. Nan ne tushen matsalar. Gidan wasa yana da 'yan wasanni ƙalilan da jama'a suke so, kuma dole ya riƙa dawo da su shekara bayan shekara.

Me darakta yake da ikon taɓawa?

Kowace opera tana da sassa uku. Akwai kiɗa, wanda mai tsara shi ya rubuta dalla-dalla, kuma jagoran makaɗa ne ke kula da shi. Akwai kalmomin waƙa, waɗanda galibi ake rerawa a harshen asali, ana haska fassara a saman dandamali. Sai kuma abin da ido ke gani: gini, sutura, haske, motsin 'yan wasa, zamanin da aka ajiye labarin da garin da aka kai shi.

A al'ada, kiɗa da kalmomi ba a cika taɓa su ba. Sashe na uku shi ne gonar darakta. Hausawa na cewa idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. A nan kiɗan yana nan yadda yake tun ƙarni na 18 ko na 19, rawar ce ake ta sauyawa. Kalma guda ba za ta canja ba, amma idan mai rera ta yana sanye da kakin soja maimakon alkyabbar sarauta, ko tana riƙe da tsintsiya maimakon mafici, ma'anar ta tashi daga inda take.

Misali, a 1982 Jonathan Miller ya shirya Rigoletto ta Verdi a Landan. Labarin asali na wani basarake ne mai lalata 'ya'yan mutane da wawan fadarsa. Miller ya kai labarin unguwar 'yan Italiya ta New York a shekarun 1950, basaraken ya zama uban 'yan mafiya, wawan ya zama mai zuba giya a mashayarsa. A ƙarshen shekarun 1980 Peter Sellars ya ɗauki Auren Figaro ta Mozart, labarin bayi da ubangidansu mai kwaɗayin amaryar baransa, ya ajiye ta a wani bene na dogon ginin Trump Tower. Jamusawa suna kiran wannan salo Regietheater, wasan da darakta ke jan ragamarsa.

Shin siyasa baƙuwa ce a opera?

Ko kaɗan. Masu cewa a bar waƙa ta zama waƙa kawai sukan manta da irin artabun da marubutan suka yi da hukumomin tace wasanni na zamaninsu.

Auren Figaro ta samo asali ne daga wasan Beaumarchais na Faransa, wanda Sarki Joseph na Biyu ya hana nunawa a Vienna saboda yadda bara ke ɗaga wa ubangida murya a cikinsa. Sai da aka zare kalaman da suka fi zafi kafin a bari Mozart ya fito da tasa a 1786. A ranar 25 ga Agustan 1830, ana nuna wata opera ta Auber a Brussels mai labarin boren masunta a Naples, 'yan kallo suka fice titi suka haɗu da masu zanga-zanga. Tarzomar da ta biyo baya ita ce ta kai ga ɓallewar Beljiyam daga Holan.

Verdi ya fi kowa shan wannan wahala. Rigoletto ta 1851 asalinta labarin Sarkin Faransa Francis na Ɗaya ne daga wasan Victor Hugo, amma masu tace wasanni na Ostiriya, da ke mulkin Venice a lokacin, suka ce ba za a nuna sarki yana fasiƙanci ana kuma ƙulla kashe shi ba. Dole aka rage masa daraja zuwa basaraken Mantua. A 1859 ya fito da wata a kan kisan Sarkin Suwidin Gustav na Uku, wanda aka harbe a wajen rawa a 1792. Aka tilasta masa ya kwashe labarin gaba ɗaya zuwa Boston ta Amurka, sarkin ya koma gwamna. La Traviata kuwa, labarin karuwar manyan mutane a Paris, Verdi ya so 'yan wasa su sa tufafin zamaninsu, don masu kallo su ga kansu. Hukumar gidan wasan ta ƙi, ta mayar da labarin baya da wajen shekara 150.

Abin lura a nan shi ne, sau da yawa wurin da zamanin da ake kira na asali ba zaɓin marubucin ba ne, tsoron hukuma ne ya haifar da su. Wannan ita ce babbar hujjar daraktocin zamani.

Me ya sa Jamus ta zama cibiyar wannan salo?

Ruwa ba ya tsami banza. Dalili na farko tarihi ne. Richard Wagner ya gina wa kansa gidan wasa a garin Bayreuth, aka buɗe shi a 1876. Gwani ne a kiɗa, amma kuma ya wallafa rubutun ƙin jinin Yahudawa a 1850, ya sake fitar da shi da sunansa a 1869. Bayan mutuwarsa, surukarsa Winifred ta zama aminiyar Hitler, kuma Hitler ya mayar da Bayreuth wurin zuwansa na kowace shekara. Da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu, hulunan ƙarfe masu fukafukai da takubba da dazuzzukan da aka saba gani a wasannin Wagner sun riga sun ɗauki warin mulkin Nazi. Lokacin da aka sake buɗe bikin wasannin Wagner na Bayreuth a 1951, jikansa Wieland Wagner ya share dandamali tas, ya bar fili da haske kawai. Ko da yake ya ce babu siyasa a ciki, sharewar kanta siyasa ce.

Dalili na biyu kuɗi ne. Jamus tana da gidajen opera kusan 80, kuma gwamnatocin jihohi da na birane ne ke ɗaukar mafi yawan nauyinsu. Kuɗin tikiti kaso kaɗan ne na abin da ake kashewa. Gidan da ba ya dogara da cinikin ƙofa yana iya ɓata wa 'yan kallo rai ya kwana lafiya. A Amurka kuwa, inda ake dogara da tikiti da gudummawar attajirai, an fi taka-tsantsan. Shi ya sa gidan Metropolitan na New York yake ci gaba da nuna La Bohème yadda Franco Zeffirelli ya shirya ta tun 1981, da titunan tsohuwar Paris da dusar ƙanƙara.

Na uku, Jamus ta Gabas ta 'yan gurguzu ta tarbiyyantar da daraktoci a hannun Walter Felsenstein, wanda ya kafa gidan Komische Oper a Berlin a 1947. Koyarwarsa ita ce, kada mawaƙi ya tsaya ƙyam yana nuna murya, dole kowace waƙa ta sami dalili a cikin labari. Almajiransa suka yaɗu a Gabas da Yamma.

Wane wasa ne ya buɗe ƙofa?

Idan za a zaɓi guda, to shi ne Zobe na Wagner a Bayreuth a 1976, lokacin cikar bikin shekara ɗari. Zobe jerin opera huɗu ne da ke cin wajen awa 15. Labarinsa daga tatsuniyoyin arewacin Turai yake: wani wada ya tsine wa soyayya, ya sace zinariya daga kogin Rhine, ya ƙera zoben da ke ba mai shi mulkin duniya, ya bautar da danginsa suna haƙo masa dukiya a ƙarƙashin ƙasa. Shi kuma Wotan, shugaban allolin tatsuniyar, ya ba wasu samudawa kwangilar gina masa fada ba shi da abin biya, sai ya ƙwace zoben. Daga nan kowa ya taɓa shi sai ya halaka.

Wolfgang Wagner, mai kula da bikin, ya ba Faransawa biyu aikin: Pierre Boulez a jagorancin makaɗa, da Patrice Chéreau, matashi mai shekara 31 wanda opera biyu kacal ya taɓa shiryawa. Da labule ya buɗe, masu kallo suna jiran ƙarƙashin kogi da 'yan matan ruwa suna iyo. Abin da suka gani shi ne ƙatuwar madatsar ruwa ta samar da lantarki, hayaƙi na tashi, 'yan matan kuma suna yawo a jikinta da shigar matan bariki. Wotan ya fito da doguwar kwat irin ta masu masana'antu na ƙarni na 19. A maƙerar da jarumi Siegfried ke haɗa takobinsa, injin guduma mai aiki da tururi ne ke dukan ƙarfe. Sarakunan kashi na huɗu suna sanye da baƙar kwat ta liyafar dare. A ƙarshe, bayan fadar alloli ta ƙone, taron talakawan da ke dandamali suka juyo suka zuba wa masu kallo ido, ba wanda ya ce uffan.

Gida ya kacame. An shigo da usur ana busawa, an yi ihu, an aika da wasiƙun barazana, wasu makaɗa suka yi wa Boulez bore. Amma Chéreau ba daga iska ya ɗauko fassararsa ba. Wagner ya fara rubuta labarin ne a 1848, shekarar juyin juya hali a Turai, kuma a 1849 ya shiga boren Dresden har aka ba da sammacin kama shi, ya gudu Siwizalan. Tun 1898 George Bernard Shaw ya rubuta littafi yana cewa Zobe hoton jari-hujja ne, ramin wadanni kuma masana'anta ce. Chéreau ya nuna wa ido abin da ke kwance a cikin rubutun ne. Shekara biyar ana nuna wasan, kuma a daren ƙarshe a 1980 tafi ya wuce rabin awa ba a daina ba. An ɗauke shi a fim, aka nuna a talabijin a ƙasashe da dama.

Bayansa Bayreuth ba ta koma gidan jiya ba. A 2013 Frank Castorf ya mayar da zinariyar man fetur, ya bi da labarin ta rijiyoyin Baku har zuwa kasuwar hannun jari ta New York, ya sha ihu na mintoci masu yawa. A 2017 Barrie Kosky, Bayahude na farko da ya shirya wasa a can, ya kai wata opera ta Wagner cikin ɗakin kotun Nuremberg inda aka yi wa manyan Nazi shari'a.

Akwai lokacin da wasa ya haɗu da abin da ke faruwa a titi?

Akwai, kuma Fidelio ce ta fi yawan yin haka. Ita ce opera ɗaya tilo da Beethoven ya rubuta, an fara nuna ta a 1805. Labarin wata mata ce, Leonore, da ta yi shigar maza ta nemi aiki a gidan yari domin ta ceto mijinta, wanda wani gwamna ya ɓoye a kurkukun ƙarƙashin ƙasa saboda ya tona masa asiri. A tsakiyar wasan akwai wurin da ake buɗe wa fursunoni ƙofa su sha iska na ɗan lokaci, su fito suna rera waƙa a hankali, suna gargaɗin juna cewa ana sa musu ido.

Ranar 7 ga Oktoban 1989 Jamus ta Gabas ke bikin cika shekara 40, kuma a daren ne aka buɗe sabon shirin Fidelio na Christine Mielitz a Dresden. A kwanakin nan 'yan sanda suna ta arangama da jama'a a babbar tashar jirgin ƙasa ta birnin, ana kama mutane. Masu kallo suka shigo suka tarar da filin kurkuku na zamani, da shinge da waya mai ƙaya. Da fursunoni suka gama waƙarsu, tafi ya tsayar da wasan na tsawon lokaci. A fagen ƙarshe, taron mawaƙa ya fito da kayan gida na yau da kullum, irin na mutanen da ke zanga-zanga a waje. Ba a ƙara kalma ko guda a kan abin da Beethoven ya bari ba, kuma babu jami'in da zai iya cewa an yi laifi. Wata guda bayan haka, ranar 9 ga Nuwamba, katangar Berlin ta faɗi.

A 2004, lokacin cikar shekara goma da kawo ƙarshen mulkin wariyar launin fata, an nuna Fidelio a tsibirin Robben na Afirka ta Kudu, inda Nelson Mandela ya yi shekara 18 a tsare. A nan ma wurin kaɗai ya isa fassara.

Ina Afirka a cikin wannan zance?

Tana ciki tun da daɗewa. Aida ta Verdi a Alkahira aka fara nuna ta a Disambar 1871, bisa buƙatar Khedive Isma'il mai mulkin Masar. Labarin gimbiyar Habasha ce da aka kama baiwa a fadar Fir'auna. An saba cika dandamali da dawakai da gumakan zinariya, wani lokaci har da giwaye, ana jan fursunonin yaƙi a sarƙa masu kallo suna tafi. A 1981 a Frankfurt, Hans Neuenfels ya fito da Aida a matsayin 'yar aikin goge-goge da bokitinta. A fagen bikin nasara kuma ya zaunar da taron mawaƙa da shigar 'yan kallon opera, suna fuskantar masu kallo na gaske, domin su ga yadda suke jin daɗin kallon waɗanda aka ci da yaƙi.

Akwai kuma batun shafa wa farar fata baƙin fenti don ya fito a matsayin ɗan Afirka. Gidan Metropolitan ya daina yin haka a wasan Otello a 2015. A 2022 aka yi shi a Aida a Verona, sai mawaƙiya Angel Blue, baƙar fata 'yar Amurka, ta janye daga wasan da aka shirya za ta yi a can.

'Yan Afirka ta Kudu su ma sun karɓi waɗannan wasanni sun juya su. An mayar da Carmen ta Bizet fim da harshen Xhosa, aka ajiye labarin a unguwar talakawa ta Khayelitsha kusa da Cape Town, sojan cikinta ya zama ɗan sanda. Fim ɗin ya ci babbar lambar bikin fina-finai na Berlin a 2005. A 2014 Brett Bailey ya kai Macbeth ta Verdi gabashin Kwango: Macbeth madugun 'yan tawaye ne, mayun da ke zuga shi kuma wakilan kamfanonin haƙar ma'adinai ne.

A ina aka wuce gona da iri?

A watan Mayun 2013 a Düsseldorf, Burkhard Kosminski ya shirya Tannhäuser ta Wagner, wadda labarinta na wani mawaƙi ne da ke tsakanin sha'awa da tuba. Ya cusa fagen ɗakin iskar gas da fagen harbe wani iyali. Wasu 'yan kallo sai da suka nemi likita. Cikin 'yan kwanaki gidan wasan ya soke shirin, aka koma rera waƙar kawai ba tare da wasa ba. Babban ƙorafi shi ne babu abin da ya haɗa labarin da kisan kiyashin Yahudawa, an ɗauko bala'in ne don a girgiza mutane.

Wanda ya fi tayar da ƙura shi ne Idomeneo ta Mozart a Berlin. Labarin wani sarkin Girka ne da ya yi wa gunkin teku alwashi, kuma yana ƙarewa da sulhu. Neuenfels, wanda ya shirya Aida ɗin nan, ya ƙara wani fage a ƙarshe da babu shi a rubutun Mozart, fage na cin mutuncin Annabi Isa (AS) da Annabi Muhammad (SAW), haɗe da Buda da gunkin teku. A Satumbar 2006 shugabar gidan, Kirsten Harms, ta cire wasan daga jadawali bayan gargaɗin jami'an tsaro. Shugabar gwamnatin Jamus ta lokacin, Angela Merkel, ta soki cirewar, aka mayar da shi a Disamba cikin tsaro mai tsanani. An yi ta muhawara a kan 'yancin fasaha, amma ko a cikin masu kare wannan 'yanci akwai waɗanda suka yarda cewa ra'ayin daraktan ne a kan addini aka jingina wa Mozart.

Wani lokaci niyyar mai kyau ce, aikin ne ke tuntuɓe. A Janairun 2018 a Florence, Leo Muscato ya sauya ƙarshen Carmen domin nuna adawa da kisan mata a Italiya. Maimakon tsohon saurayinta ya soke ta da wuƙa, ita ce ta harbe shi. Sai dai kalmomin ƙarshe na wasan ba su canja ba, kuma a cikinsu saurayin yana shaida cewa shi ya kashe ta. Ga shi yana faɗin haka alhali tana tsaye da ranta. A daren farko ma bindigar ƙin tashi ta yi.

Me gwamnati da kotu suke cewa?

Ya danganta da ƙasa. A Rasha, wani shirin Tannhäuser na Timofei Kulyabin a Novosibirsk ya fusata shugabannin cocin Orthodox. Kotu ta yi watsi da ƙarar, amma a Maris 2015 ministan al'adu ya kori shugaban gidan wasan, Boris Mezdrich. Darakta Kirill Serebrennikov, wanda aka yi wa ɗaurin talala a Mosko daga 2017 bisa zargin almundahana da ya musanta, ya ci gaba da shirya wasanni daga ɗakinsa, yana aika umarni ta hannun lauyansa. A haka aka nuna Nabucco ɗinsa a Hamburg a 2019, inda ya kai labarin bautar Bani Isra'ila a Babila cikin zauren Majalisar Ɗinkin Duniya, da 'yan gudun hijira na gaske a dandamali.

A Faransa kuwa magada ne suka kai ƙara. Francis Poulenc ya rubuta opera a kan wasu mata masu zaman zuhudu da aka fille wa kai lokacin juyin juya halin Faransa. A ƙarshenta suna tafiya wurin kisa suna waƙa, ana jin saukar wuƙa a cikin kiɗan, muryoyi suna raguwa ɗaya bayan ɗaya. A Munich a 2010 Dmitri Tcherniakov ya sa jarumar ta ceto sauran, ita kaɗai ta mutu. Kotun ɗaukaka ƙara ta Paris ta hana sayar da faifan bidiyon wasan a 2015, sai kotun ƙoli ta soke hukuncin a 2017. Irin wannan ƙara tana yiwuwa ne saboda dokar Faransa ta ba magada haƙƙin kare aikin marubuci daga a jirkita shi. 

Mene ne hujjar kowane ɓangare?

Masu goyon baya suna cewa wasan kwaikwayo ba kayan gidan tarihi ba ne. Mutanen 1786 sun ji zafin ganin bara ya kunyata ubangidansa domin sun san wannan rayuwa. Mai kallo na yau, idan ya ga hular gashi da rigar siliki, kyawun kaya kawai zai gani. Don a dawo da zafin, dole a nemo masa ubangida da bara na zamaninsa. Suna ƙarawa da cewa rubutun yana nan a ajiye, babu shirin da zai goge shi.

Masu adawa suna cewa wanda ya zo kallo karon farko yana da haƙƙin ya ga labarin kafin a ba shi sharhi a kansa. Suna nuna yadda ido da kunne ke saɓawa, mawaƙi yana kiran takobi yana riƙe da bindiga, yana yabon daji yana tsaye a ofis. Suna kuma cewa salon da ya fara a matsayin tawaye ya zama al'ada mai gundura: kakin soja, baƙin tabarau, akwatin kuɗi, tutar Nazi, duk inda ka je su ne. Mawaƙa ma suna da nasu kuka, domin su ake sa wa su rera waƙa mai wuya suna kwance ko suna rataye, kuma wanda ya ƙi yana iya rasa kwangila.

To, yaya za ka bambance na kirki da na banza?

Yau da yawa daga waɗannan wasanni suna YouTube da shafukan gidajen opera, da fassara a ƙasa, saboda haka kana iya yanke hukunci da kanka. Ka fara karanta taƙaitaccen labarin asali, sannan ka riƙe tambayoyi uku.

Ta farko, shin batun siyasar yana cikin labarin tun farko? Mulki da bashi da bautar ma'aikata suna cikin Zobe, zaluncin ɗauri ba shari'a yana cikin Fidelio. Ɗakin iskar gas ba ya cikin Tannhäuser. Ta biyu, shin kiɗan ya yarda da abin da ido ke gani? Mai tsara kiɗa ya riga ya faɗi wanda ke kuka da wanda ke ƙarya da inda zuciya ta karye, kuma darakta ba shi da hanyar toshe wannan shaida. Ta uku, shin fassarar ta riƙe daga farko har ƙarshe, ko kuwa dabara ce ta minti goma da aka ja ta awa uku?

Ihun 'yan kallo ba hujja ba ne, domin an yi wa Chéreau ihu an kuma yi wa Kosminski, amma aikin ɗaya ya zama abin koyi, na ɗayan bai kai mako ba. Daraktan da ya tono siyasar da ke binne a cikin waƙa ya yi wa marubucin hidima. Wanda ya zo da huɗubarsa a aljihu ya ari sunan Mozart ko Wagner don ya sami masu saurare, gara ya rubuta tasa opera ya sa mata sunansa.